Yadda Ake Mayar Da Tsohuwar Kwalta Harsashin Sabuwar Hanya

SULEJA – Duk inda ake aikin gyaran hanya a ƙasar nan, matafiyi ba ya rasa ganin tulin ɓaraguzan tsohuwar kwalta da katafila ta kankare aka jibge a gefen titi. Masu gidaje na kusa su kan ɗebi kaɗan su cike ƙofar gida saboda taɓon damina, sauran kuwa sai ciyawa ta rufe shi. A wannan lokaci kuma jerin tifofi ne ke zirga-zirga daga wuraren fasa duwatsu, suna kawo sabuwar tsakuwa domin maye gurbin wadda aka zubar. Ma'ana dai, gwamnati ta biya kuɗin dutse sau biyu, ta kuma biya kuɗin dako sau uku: na kawo shi tun farko, na kwashe shi, da na kawo wani.

Akwai dabarar da injiniyoyi suka daɗe da sani wadda ke toshe wannan ɓarna. Ita ce a niƙe tsohuwar kwaltar tare da tsakuwar da ke ƙarƙashinta a nan inda suke, a gauraya su da siminti kaɗan da ruwa, a daɓe, su zama harsashin da za a shimfiɗa sabuwar kwalta a kansa. Ga Bahaushe wannan ba baƙon tunani ba ne. Maginin gargajiya in katanga ta faɗi ba ya zubar da ƙasarta, jiƙa ta yake yi ya sake cuɗawa ya yi tubali da ita. Abin da ya ƙaru a nan shi ne inji, da siminti, da awo.

Kafin a fahimci amfanin dabarar, wajibi ne a san cewa hanyar mota hawa-hawa ce, kuma baƙar kwaltar da ido ke gani ita ce mafi ƙarancin kauri a cikinsu. A can ƙasa akwai ƙasar asali da aka daidaita aka daɓe. A kanta akan zuba marmara, wato jar ƙasar nan mai tsakuwa da ta wadata a Suleja da kewaye. Bisa marmara sai harsashi, wanda galibi na fasasshen dutse ne, mai kaurin santimita 15 zuwa 20. Daga nan sai kwalta. Aikin kwalta shi ne hana ruwa shiga da ba taya wurin kamawa, amma ɗaukar nauyi aikin harsashi ne. Ƙa'idojin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya na 1997 sun buƙaci kayan harsashi su ci maki 80 a gwajin jure nauyi da ake kira CBR, shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa kuwa maki 30. Marmara da yawa ba ta kai maki 80 in an bar ta haka nan, musamman idan ta sha ruwa.

Wannan ne dalilin da ya sa facin da ake yi wa hanyoyinmu ba ya ƙarko. Idan harsashi ya mutu, duk kwaltar da aka ɗora masa ado ce kawai. Alamar mutuwarsa kuwa a bayyane take: tsagewa irin ta fatar kada, da kwarin da tayoyin manyan motoci ke yi a tsawon hanya, da ramukan da ake cikewa da rani su dawo da damina a daidai inda suke. Hukumar kula da hanyoyin tarayya ta FERMA, wadda aka kafa a 2002, aikinta gyaran yau da kullum ne, kuma hanyar da harsashinta ya lalace ta wuce faci.

Mutanen Suleja sun fi kowa sanin wannan. Garin yana bakin babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, ga mahaɗar Dikko inda hanyar Minna ta rabu, ga ma'ajiyar mai ta NNPC da tankoki ke kwana a kewayenta. Tirelolin da suka taso daga Legas ta Mokwa da Bida da Lambata duk nan suke ɓullowa kafin su nufi Arewa. Hanyar Suleja zuwa Minna, wadda aka ba kamfanin Salini kwangilar kashi na farko na mayar da ita tagwaye a 2010, ta shafe shekaru tana shan wannan nauyi alhali aikin bai kammala ba.

Yadda ake aikin a aikace yana da sauƙin bayani, ko da yake kowane mataki yana da tarkonsa. Da farko akan haƙa ramukan gwaji a tsawon hanyar domin a ga kaurin kowace shimfiɗa, a kai samfur ɗakin gwaje-gwaje. A can ne ake gauraya samfurin da siminti mataki-mataki har a gano mafi ƙarancin adadin da zai ba da ƙarfin da ake so. Galibi akan tsaya tsakanin kashi 2 zuwa kashi 5 cikin 100 na nauyin kayan. Bayan haka sai motar baza siminti ta bi ta shimfiɗa shi a kan tsohuwar hanyar gwargwadon awon. Sai babban injin ya biyo baya. A cikinsa akwai wata ganga mai juyawa, jikinta duk haƙoran ƙarfe, wadda ke nutsewa cikin hanyar santimita 15 zuwa 30, tana farfasa kwalta da tsohon harsashi tana cuɗa su da simintin. Tankar ruwa na haɗe da shi ta mesa, ruwan yana fesuwa a cikin gangar daidai da saurin tafiyar injin. Abin da ke fitowa ta bayansa kamar damammen gari ne mai ɗanshi. Nan take rola mai ƙusoshi ta hau ta daɓe, gireda ta daidaita ta fitar da gangaren da ruwa zai bi, rola mai santsi ta kammala.

Lokaci shi ne abokin gabar wannan aiki. Daga sa'ar da siminti ya taɓa ruwa ya fara kamawa, don haka dole a gama daɓe cikin sa'o'i biyu zuwa uku, a zafin watan Maris ma ƙasa da haka. Idan rola ta lalace ko tankar ruwa ta makara, wannan yanki ya tashi a banza. Bayan daɓe kuma sai ban ruwa na kimanin kwana 7, ko a rufe fuskar da siririn man kwalta domin kada ɗanshin ya tsere. Duk mai sana'ar buga bulo ya san abin da ke faruwa da bulon da aka bari ya bushe a rana ba ban ruwa: da hannu ake murje shi. Hukuncin harsashin hanya ɗaya ne da na bulo, sai dai shi asararsa ta miliyoyi ce, kuma ba a ganin ta sai bayan an rufe da kwalta an biya ɗan kwangila.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, yawan siminti illa ne. Ba kankare ake nufin yi ba. Ƙarfin da ake nema bayan kwana 7 bai wuce jure matsin kilo 15 zuwa 30 a kan kowace santimita murabba'i ba, alhali kankaren gini yakan jure 200 ko fiye. Idan aka zarce, shimfiɗar takan tsuke yayin bushewa ta tsattsage gida-gida, tsagar kuma ta huda sabuwar kwaltar ta fito fili, ruwa ya sami ƙofa. Saboda haka ne a wasu wurare, kwana ɗaya zuwa uku bayan daɓe, akan sa rola mai girgiza ta sake bi domin ta haifar da ƙananan tsaga masu yawa da ido ba ya gani, a madadin manya 'yan kaɗan. Haka kuma idan marmarar ta cika yumɓu, akan fara sa mata farar ƙasa ta kashe danƙon kafin a kawo siminti, domin siminti ba ya cuɗuwa da ƙasa mai danƙo.

Dabarar ba ta jiya ba ce. A 1935 aka gina hanyar gwaji ta ƙasa da siminti kusa da garin Johnsonville a Jihar Karolina ta Kudu a Amurka. Tashin farashin mai na 1973 ya sa ƙasashen Turai da Amurka suka fara kallon tsohuwar kwalta a matsayin dukiya, domin man kwalta daga ɗanyen mai ake samun sa. A nahiyarmu kuwa Afirka ta Kudu ce ta yi nisa, har ta wallafa littafin ƙa'idojinta na wannan aiki a 2002, wanda injiniyoyin ƙasashe da dama ke dogaro da shi.

A Nijeriya, gwaji mafi girma ya faru ne a kan hanyar da ta ratsa ƙofar Suleja. A watan Disamba na 2017 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin Julius Berger kwangilar gyaran tagwayen hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, a kan Naira miliyan dubu 155. An kasa aikin uku: Zuba zuwa Kaduna kilomita 165, Kaduna zuwa Zariya 73, Zariya zuwa Kano 137. Kamfanin ya shigo da injunan Wirtgen na ƙasar Jamus, ya riƙa kankare tsohuwar kwaltar yana sake sarrafa ta ba tare da dafawa ba. Ya kamata a lura da bambanci guda: a wannan aiki ba siminti kaɗai aka dogara da shi ba. An yi amfani da kumfar man kwalta, wato a fesa ruwa kaɗan cikin man kwalta mai zafi ya kumbura ya yi kumfa, sa'an nan a cuɗa shi da niƙaƙƙen tsohon titi tare da ɗan siminti da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Harsashin da ake samu ta haka yana da ɗan lanƙwasa, bai cika tsagewa ba, amma ya fi na siminti tsada, kuma ya dogara da man kwaltar da ake sayowa daga waje.

A watan Maris na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta mayar da aikin daga gyara zuwa sake gini gaba ɗaya, kuɗin ya koma Naira miliyan dubu 797. A watan Mayu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ɓangaren da aka kammala tsakanin Kaduna da Kano. Kashi na farko kuwa, wanda ya fi shafar Suleja, bai samu wannan sa'a ba. Bayan cire tallafin mai da sakin darajar Naira a 2023, gwamnati da kamfanin suka kasa daidaitawa a kan sabon farashi, aka soke kwangilar wannan kashi a watan Nuwamba na 2024. A 2025 aka ba wani kamfanin ragowar aikin, da sharaɗin a yi shi da kankare mai rodi, bisa manufar da Ministan Ayyuka David Umahi ya zo da ita tun 2023.  Rigimar ta kuɗi ce. Amma ta nuna inda raunin yake: duk aikin hanyar da ya rataya a kan kayan da ake saye da dala, ranar da Naira ta faɗi shi ma ya tsaya.

A nan ne harsashin siminti ya cancanci kulawar 'yan kasuwa. Nijeriya tana da arzikin man kwalta kwance a ƙasa a yankin Agbabu na Jihar Ondo, amma ba a kai ga haƙar sa ta fuskar kasuwanci ba. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an tsara ta da sashen fitar da man kwalta, sai dai ta shafe shekaru ba ta aiki. Siminti kuwa a gida ake yin sa: Obajana a Jihar Kogi, Kalambaina a Sakkwato, Ashaka a Jihar Gombe, Gboko a Jihar Binuwai. Daga Obajana zuwa Suleja ta Lokoja tafiyar yini ɗaya ce ga tirela. Ko da yake su ma masana'antun siminti suna da kayan da suke saye da kuɗin waje, farashinsa ba ya bin dala kai tsaye kamar na man kwalta.

Bari mu yi lissafin da kowane ɗan kasuwa zai iya bi da alƙalaminsa. A ɗauki kilomita ɗaya na hanya mai faɗin mita 7.3, wanda shi ne faɗin hanyar tarayya mai layi biyu, a ce harsashin zai yi kaurin santimita 20. Wannan ya ba da mita 1,460 na awon cikin akwati, wato kimanin tan 3,000 na kaya. In za a bi tsohuwar hanya, ana buƙatar lodi 100 na motar tan 30 domin kawo sabon dutse, da wani lodin kusan haka domin kwashe tsohon. In kuwa za a sake sarrafa abin da ke wurin da siminti kashi 3 cikin 100, abin da za a kawo shi ne tan 90, wato buhu 1,800, tirela uku masu ɗaukar buhu 600. Lodi 200 a gefe guda, lodi 3 da tankokin ruwa a ɗaya gefen. Mai karatu ya sa farashin buhun siminti na yau da kuɗin dakon tifa daga wurin fasa dutse mafi kusa, zai ga inda ma'aunin ya karkata.

Ba kullum yake karkata gefe ɗaya ba, kuma wannan gaskiya ce da masu tallar injuna ba su cika faɗa ba. Suleja ƙasar duwatsu ce, Dutsen Zuma shaida ne, kuma wuraren fasa dutse na Mpape da sauran kewayen Abuja ba su da nisa. A nan ribar sake sarrafawa ta fi zuwa ta fuskar sauri da rage cunkoso, domin ana iya aikin layi ɗaya motoci na bin ɗayan, ba sai an fasa hanyar wucin-gadi ba. Amma a sassan Sakkwato da Borno da Yobe, inda ake jigilar dutse daga nesa, tazarar kuɗin tana da yawa ƙwarai. Haka kuma akwai ribar da ba ta shiga takardar kwangila: tifofi 200 da ba su bi hanyoyin unguwa sun kashe su ba, da kududdufan haƙar marmara da ba a bari a bayan gari sun zama matattarar sauro ba.

Su wa za su ci riba, su wa kuma za su ji a jikinsu? Masu tifofi da masu fasa dutse kasuwarsu za ta ragu a irin wannan kwangila, ko da yake sabuwar kwaltar da za a shimfiɗa a sama har yanzu da sabuwar tsakuwa ake yin ta, wani lokaci ma akan ƙara dutse a cikin niƙaƙƙen kayan idan gari ya yi masa yawa. Dillalan siminti da masu tankokin ruwa su ne kan gaba wajen amfana. Sai dai babban ɗan kwangila yakan sayi simintinsa ne kai tsaye daga masana'anta a cikin tankar gari, ba a buhu ba, saboda haka dillalin kasuwa sai dai ya sa ido ga ƙananan ayyuka na jiha da ƙananan hukumomi. Akwai kuma kasuwar da a ganinmu ba a cika ta ba tukuna, wato ta hayar inji da ta ɗakin gwaje-gwaje. Injin niƙa hanya yana da tsadar da ƙaramin ɗan kwangila ba zai saye shi domin aikin kilomita 5 ba, amma wanda ya saya ya riƙa ba da haya ga 'yan kwangila goma zai iya mayar da kuɗinsa, muddin ya tanadi haƙoran canji da makanikin da ya san injin. Haƙoran nan kan cinye da sauri a kan dutse mai tauri irin na wannan yanki, kuma daga waje ake kawo su.

Ga wanda ke tunanin sa hannu a kwangilar irin wannan, ko bankin da zai ba shi rance, akwai abubuwa biyu da ke iya rusa lissafin duka. Na farko ruwa. A irin wannan aiki injin galibi ba ya wuce zurfin santimita 30, saboda haka idan ciwon hanyar yana can ƙasa ne, wato ƙasar asali ta jiƙe domin kwalbati ya toshe ko babu lambatu, sabon harsashin zai zauna ne a kan taɓo ya karye kamar faranti. A Suleja ana ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma a cikin gari magudanan ruwa sun daɗe da zama wurin zuba shara. Kwangilar da ba ta ƙunshi gyaran magudanai ba, asara ce aka jinkirta. Damina kuma tana taƙaita watannin aiki, domin ruwan sama a kan simintin da aka baza ba a cuɗa ba ɓarna ce nan take.

Na biyu lodi fiye da ƙima. Gwajin da aka yi a Jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ɓarnar da mota ke yi wa hanya ba ta tafiya daidai da nauyinta, ninkuwa take yi: in aka ninka nauyin da ke kan jerin ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar takan ninku kusan sau 16. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 2012 ta ƙayyade tan 11.5 a kan jerin ƙafafu guda mai jan mota. Motar da ta ɗora tan 16 a wannan wuri tana yin ɓarnar motoci kusan huɗu. Harsashin siminti kuwa, da yake ba shi da lanƙwasa, ya fi na fasasshen dutse jin zafin wannan, domin in ya karye ba ya komawa. Abin lura shi ne, daga cikin motocin da aka fi zargi da wuce ƙima har da masu dakon simintin kansa da tankokin mai, wato kayan da ake gina hanyar da su.

Gwamnatin jiha ko ƙaramar hukumar da ke son gwada wannan dabara a kan hanyoyin cikin gari, irin waɗanda suka haɗa Suleja da Madalla da Gauraka, za ta fi samun abin da ta biya idan ta rubuta sharuɗɗan cikin takardar kwangila tun farko: sakamakon ramukan gwaji kafin a tsayar da farashi, adadin siminti a kan kowace mita murabba'i, gwajin daɓe a kowace rana, da samfurin da za a huda a ciro daga harsashin bayan kwana 7 kafin a ba da izinin shimfiɗa kwalta. Siminti kaya ne mai saurin ɓacewa tsakanin sito da bakin aiki, kuma buhu 600 da suka yi ɓatan dabo daga cikin 1,800 sun mayar da kashi 3 cikin 100 zuwa kashi 2. Hanya mafi sauƙi ta kama wannan ita ce wadda masu duba aiki ke bi: a shimfiɗa tamfol mai faɗin mita ɗaya a gaban motar baza siminti, in ta wuce a ɗauke shi a ɗora abin da ya zuba a kan sikeli. A lissafin da muka yi a sama, ya kamata a sami kimanin kilo 12.3.